Milisav Uwar 'Yan Tsaki

Duk ƙauyenmu babu wanda bai san ƙafar daman Kum Milisav ba, don shi da kansa ya ɗauki nauyin tallata ta. In ya shiga shagon shan kofi na bakin gada, kafin ma ya cire hula zai ɗora ta a kan kujera, ya shafa gwiwar, ya ce, "Ku kalle ta da kyau. Ita ta aurar da 'ya'yan Radoye, ita ta sa saniyarsa ta haifi tagwaye, ita ta yi masa sabon rufin kwano."

Radoye mijina ne, rufin nan kuwa da guminsa ya yi shi, ni na riƙa miƙa masa ƙusa. Amma wa zai tsaya musu da Milisav? Shi ya tsaya mana shaida ranar aurenmu, shi ya riƙe 'ya'yanmu ranar baftisma, shi ya sa muke ce masa Kum, kuma Kum ya fi ɗan'uwa nauyi. Tun shekarar auren nan shi ne baƙon farko a gidanmu kowace safiyar Kirsimeti. Shi zai fara tsallaka dokin ƙofa da ƙafar dama, duk abin da shekarar ta zo mana da shi kuma a wuyan ƙafar nan ake rataya shi. Mutumin da bai taɓa kafa shinge ya kwana a tsaye ba, wannan ce kaɗai sarautarsa a duniya, kuma yana ji da ita kamar ransa.

Sai aka yi wata shekara da ba ta yi mana daɗi ba. Ƙanƙara ta kwantar da masara, ƙudan zuma suka mutu a amya, saniya ta ƙafe. Surukata Kaka Persida, wadda ke mulkin gidanmu daga kusurwar murhu ba tare da ta tashi daga kujera ba, ta fara gunaguni.

"Ƙafar nan ta tsufa," in ji ta. "Ga Ostoya can, bana rumbunsa har tsagewa ya yi. Shi ba ƙafa ce da shi ba?"

Ostoya maƙwabcinmu ne ta hagu, mai bakin tsiya, ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan matsayin nan. Kafin la'asar maganar ta isa bakin gada. Washegari Milisav ya hau mota zuwa kasuwar Cacak, da yamma sai ga shi a gidanmu rungume da kwali, dusar ƙanƙara fal a gashin baki.

"Kaka, an ce kin ce ƙafata ta tsufa."

"Na ce. Ashe kunnen dai bai tsufa ba."

Ya ajiye kwalin a kan tebur ya buɗe. 'Yan tsaki ne sababbin ƙyanƙyasa, ba su fi talatin ba, sun cure wuri guda suna ta tsuwwa.

Na ce, "Kum, a tsakiyar sanyin nan? Ruwa ma daskarewa yake a bokiti. Ai kowa sai ciyawa ta fito yake bari kaza ta yi kwanci."

"Kowa! Shi ya sa kowa yake nan inda kakansa ya bar shi, Yagoda. Ranar da kajinku za su fara tunanin kwanci, nawa sun fara ƙwai. Daga nan sai kasuwar Cacak, daga Cacak sai Belgrade, motar kaya da sunana a jiki. A cikin ɗaki zan rene su, ni ne uwar, ni ne uban. In ba mai sa'a ba wa zai iya?"

Radoye ya ce, "Ka taɓa kiwon kaza kuwa, Kum?"

"Na ci kaza fiye da kowa a garin nan. Na san ta ciki da waje."

Kaka Persida ta leƙa kwalin ta daɗe tana kallo, sannan ta buga sandarta a ƙasa. "To, ka kawo wa kanka alƙali. In suka kai safiyar Kirsimeti da ransu, su duka, na yarda da sauran sa'a a jikinka. In ko guda ya mutu a hannunka, kada ƙafarka ta riga ta kowa shiga gidan nan. Ostoya zan aika wa."

"Guda?" Milisav ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kaka, ki yi addu'a dai kada su ƙaru."

Kirsimeti saura bai kai mako biyu ba. Ya ɗauki kwalinsa ya nufi gida, ni kuma na bi shi don in ga fuskar matarsa Stamena, ƙawata ce tun muna 'yan mata kuma ba na so irin wannan ya wuce ni.

Stamena ta kalli kwalin, ta kalli mijin, ta sake kallon kwalin. "Tsoho, waɗannan a ina za su kwana?"

"A nan, gefen murhu."

"Ni fa?"

"Ke ai kina da gashin kanki. Su ba su yi fiffike ba tukuna."

A ranar aka kori kyanwar gidan. Milisav ya miƙo min ita ta saman shinge ya ce in riƙe masa amana zuwa bayan salla, wai kallon da take wa kwalin ba na mutunci ba ne.

Kwana biyu da yin haka Stamena ta kwaɓa ƙullin burodi, ta rufe shi da ƙyalle a gefen murhu don ya tashi, ta zo wurina shan kofi. Ko kurɓa uku ba mu yi ba muka ji ihu daga gidanta. Muka ruga. Ashe Milisav ya ga 'yan tsaki suna rawar sanyi, ya taɓa ƙyallen nan ya ji ɗumi da laushi, ya ce ga katifa Allah ya kawo, ya jera su a kai. Ƙulli ya ci gaba da aikinsa na kumbura, ƙyalle ya zame, 'yan tsaki suka nutse har wuya. Muka same shi ya tsoma hannu biyu zai cece su, shi ma ƙulli ya riƙe shi.

"Burodina!" in ji Stamena.

"Ki bar maganar burodi, mata, rai ake ceto! Yagoda, ja na gefen can, a hankali, wannan shi ne mai wayon cikinsu."

"Da mai wayo ne da bai biyo ka gida ba," in ji Stamena.

Har azahar muna wanke ƙafar 'yan tsaki da ruwan ɗumi. Da muka gama suka koma kamar jiƙaƙƙun ɓeraye, sai ya fizgo gyalen ulun Stamena na zuwa coci ya naɗe su a ciki, ya zauna yana hura musu iskar baki ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya mutu. Da yamma aka ji shi ta taga yana gaya wa masu wucewa cewa da gangan ya yi, wai sinadarin ƙulli na ƙara wa kaza ƙashi, a ƙasashen da suka ci gaba haka ake yi.

Daga nan ya ce murhu tsohon yayi ne, lantarki ake yi yanzu. Ya aro wani ƙaton ƙwan fitila, ya haɗa shi da dutsen guga da abin ɗumama ɗaki da tsohon rishon lantarki, duk a kan waya ɗaya da ya tsinto a rumbu. Radoye ya leƙa ya ce, "Kum, wayar nan ba za ta ɗauka ba."

"Ni za ka koya wa lantarki? Da nake soja ni ne mai kula da wutar bariki gaba ɗaya."

"Tsani kake riƙe wa mai kula da ita. Ina wurin."

"To mai riƙe tsani ba ya gani ne?"

Ya jona da magariba, daidai lokacin da matan unguwa suka zauna gaban talabijin don ganin ƙarshen wasan da muka shafe wata da watanni muna bi, ranar da za a bayyana wanda ya sace jaririyar attajirin. Yarinyar gidan ta buɗe baki za ta faɗi sunan kenan, sai muka ji fau! daga kan turken lantarki, unguwa ta yi ɗif. Babu wadda ta tambayi wata. Muka ɗauki tocila muka yi gidan Milisav.

Ya buɗe ƙofa kaɗan ya leƙo. "Lafiya, matan gari? Kun ga aikin dusar ƙanƙara ko? Ta yi wa wayoyi nauyi. Na daɗe ina faɗa."

Ostoya, wanda ya biyo mu don kada a yi babu shi, ya haska masa fuska. "Maƙwabci, dusar ƙanƙarar ce ta cinye maka gira?"

Girar hagu babu ita, gashin baki rabi ya babbake, ƙauri kuwa har bakin titi. Wata tsohuwa ta ɗaga sandarta ta ce yau sai ya gaya mata wanda ya sace jaririyar ko ta fasa masa kai. Milisav ya ce direban ne, shi tun farko ya gane. Da wuta ta dawo bayan kwana biyu muka ji ashe kakar yarinyar ce, direban ma ya daɗe da mutuwa a cikin wasan. Stamena ta tattara duk wata waya da ke gidan ta kulle a akwatinta.

Ya koma ga murhu, amma da zuciya. Ya riƙa cusa itace ba dare ba rana har ɗakin ya zama tanda. Shi yana yawo da singileti, cukun da Stamena ta adana ya narke ya bi bango, kyandirin gaban hoton waliyyi ya lanƙwashe. Kullum da safe kuma Ostoya zai zo ƙarƙashin taga ya tsaya, hannu a baya, ya kwantar da murya.

"Maƙwabci, ya mai jego? Ya yaran? Babu dai rasuwa ko?"

"Lafiyarsu ƙalau, sun fi ka ci."

"Madalla. Na ce ko da wanda ya kwana da tari. In da jana'iza a sanar da ni, ina da ƙaramin shebur."

Wata safiya yana tsaka da wannan gaisuwar, zafin ɗaki ya gama cin ƙasan dusar ƙanƙarar da ta taru a kan rufi, sai ta zamo gaba ɗaya ta rufto masa. Hular kawai ake gani. Radoye ne ya haƙo shi. Milisav ya leƙo ta taga ya ce, "Kun gani? Mai yi min mugun fata ko sama ba ta barinsa." Ranar har da waƙa.

Abin da bai lissafa ba shi ne 'yan tsaki sun ɗauki maganarsa da gaske. Tun ranar ƙulli yake kiransu da kukan kaza, kwo-kwo-kwo, in zai ba su tsaki, su kuwa suka yanke shawara cewa wannan mai gira ɗaya ita ce uwarsu. In ya tashi su bi shi, in ya zauna su hau shi, in ya fita su ɓarke da tsuwwa har sai ya dawo. Shagon bakin gada ya gagare shi. Banɗaki ma, da yake a bayan gida yake, da gudu yake zuwa yana kwo-kwo daga can don su san bai yi nisa ba. Kaka Persida ta ji shi wata rana ta ce min, "Yagoda, je ki duba ko Kum ya yi ƙwan."

Itacen da aka tara don sanyin shekara ya ƙare cikin kwanakin nan. Ya ƙona shinge, ya ƙona bencin ƙofar gida, ya ƙona ƙotar fartanya. Ya fara zagaya masaƙar Stamena yana ƙwanƙwasa ƙafafunta, sai ta kwashe abin kwanciyarta ta koma kusa da ita da muciya a hannu. Ranar jajibere abin da ya rage musu gungumen Kirsimeti ne kawai, wanda kowane gida ke tanada don wutar salla, shi ma kafin gari ya waye ya zama toka.

Abin da ya faru a gidan da safiyar salla Stamena ce ta ba ni labari daga baya. Ɗaki ya yi sanyi ƙarara, 'yan tsaki sun cure suna karkarwa, ita kuma tana ɗaura ɗankwali za ta coci.

"Mata, ki zauna da su ki rungume su, yanzu zan je in dawo."

"Na rena nawa sun girma sun tafi birni. Waɗannan naka ne."

"To je ki aro min itace ko ɗauri ɗaya."

"Yau? Ka taɓa jin wanda ya ba da aro ranar Kirsimeti, arzikinsa ya bi ƙofa? Kuma gidan wa zan shiga kafin baƙonsu na farko, a jefe ni da takalmi?"

Ta fice ta bar shi. In ya tafi ya bar su, sanyi zai kashe su. In ya zauna, ga Ostoya can ya ci ado tun asuba yana kai-kawo a bakin titi. Sai idonsa ya faɗa kan ƙatuwar rigarsa ta fatar rago da ke rataye a ƙofa.

Mu a gidanmu komai ya kammala. An shimfiɗa karan alkama a ƙasa tun jajibere bisa al'ada, gungume na ci a murhu, ga gasasshen nama, ga burodin salla a tsakiyar tebur. Na riƙe rariya cike da alkama na tsaya bayan ƙofa. Aka ƙwanƙwasa, Radoye ya buɗe.

Da na ga Milisav, saura kaɗan in saki rariyar. Mutumin da na sani siriri kamar muciya, yau ya cika ƙofa. Ya ɗaure rigar tamau da igiya a ƙugu, daga ƙugu zuwa wuya ya kumbura, kuma kumburin motsi yake.

"An haifi Almasihu!" ya faɗa da ƙarfi.

"Haƙiƙa an haife shi!" muka amsa, na watsa masa alkama yadda aka saba.

Ya ɗaga ƙafar dama a hankali, yana jira kowa ya kalla. Ƙafar na sama, sai wani ɗan tsako ya sulluɓo ta ƙasan rigar, ya diro kan dusar ƙanƙara, ya ga hatsi a warwatse, ya yi tsalle ya haye dokin ƙofa ya shigo yana tsattsaga. Milisav ya yi wuf ya shigo ya kifa masa hula, ya kwashe shi ya mayar ka. Radoye bai lura ba. Ni na gani, na kalli Kaka Persida, na ga ita ma ta gani.

"Kum, cire rigar mana, ɗakin da ɗumi," in ji Radoye.

"Mura nake."

"Ka yi ƙiba kuwa."

"Murar ce, ta sauka a ciki."

Ya je gaban murhu ya ɗauki reshe zai bugi gungume. Sunkuyawar da ya yi ta matse na cikin riga. Ya buga, tartsatsi ya tashi, ya fara, "Yawan tartsatsin nan, yawan arziki, yawan shanu, yawan tumaki, yawan..." Sai ƙirjinsa ya ce cui-cui-cui. Ya yi maza ya ɓarke da tari.

"Wannan mura taka da baki take," in ji Kaka Persida.

"Huhuna ne, Kaka. Likita ya ce irin na masu ƙarfi ne, fito yake yi."

Ostoya, wanda yanzu ya halatta ya shigo tunda baƙon farko ya riga ya shiga, ya sako kai ya yi gaisuwar salla ya jingina da bango. Kyanwar amana kuwa ta sauko daga kan kabad ta zauna gaban tsohon maigidanta tana kallon cikinsa, jelarta na kaɗawa.

Radoye ya jawo kujera. Ni kuma na ɗauko bargo mai kauri na yafa wa Milisav a kafaɗa don madarar shanunmu ta yi kauri bana. Saura zama. Baƙon farko dole ya zauna don kajin gida su yi kwanci, kuma dole a janye kujerar yana cikin zama ya faɗi ƙasa, sa'a ta manne a gidan. Shekara da shekaru Milisav na faɗuwar nan da alfahari, har yakan ce babu mai faɗuwa da kyau irinsa. Yau sai ya tsaya ƙiƙam, gumi na bin inda gira take a da.

"Zauna, Kum."

"Bana a tsaye zan yi. Sabon tsari ne, a birni duk sun daina zama."

"A birni suna da kaji?" in ji Kaka. "Zauna, kada ka sa kajina su yi ta yawo shekara guda."

"Bayana ke ciwo."

"Ɗazu huhu ne," in ji Ostoya. "Kawo in taimaka maka, maƙwabci." Ya dafa masa kafaɗa ya danna.

Milisav ya tafi ƙasa-ƙasa yana kiran sunan Allah, Radoye ya fizge kujera. Gaskiya a nan sai na yaba masa, don ya san akwai rayuka a bayansa. Yana cikin iska ya murɗe jiki ya juya ya faɗi a kan tafin hannu da gwiwa. Igiyar ƙugu ce ba ta yarda da wannan dabarar ba, ta ce tas!

Suka zubo. Ta gaba, ta baya, ta hannun riga, ta wuya, na cikin hula ma ya fito. Kafin ka ce me sun bazu cikin karan alkama. Kyanwa ta yi tsalle, na yi tsalle na danne ta da rariya, alkama ta watse ko'ina, abin da ya ƙara musu ƙaimi kenan. Wasu suka haye tebur ta jikin ƙyalle suka hau burodin salla, ɗaya ya tsaya a kan gasasshen nama yana waige-waige, biyu suka shige takalmin Radoye. Radoye ya ɗaga ƙafa ɗaya ya kasa saukewa. Ostoya ya zame jikin bango ya zauna daɓas don dariya.

"Kada wanda ya motsa!" Milisav ya kurma ihu daga ƙarƙashin bargo. "Wanda ya taka min ɗa, kotu!"

Radoye ya ce, "Yagoda, kawo tsintsiya mu tattaro su."

"Wanda ya taɓa tsintsiya a gidan nan kafin kwana ukun salla su cika zai san ni," in ji Kaka Persida. "Uwarsu ta kira su."

Daidai lokacin aka taso daga coci. Ƙofa a buɗe take, ihu kuma ya kai titi, sai ga rabin ƙauye sun yi cincirindo a bakin ƙofa da taga, Stamena a gaba. Milisav ya ɗago ya kalle su, ya kalli 'ya'yansa da ke ɓacewa ƙarƙashin kabad. Ya rufe ido. Sannan ya fara rarrafe cikin kara, bargo a baya, yana kwo-kwo-kwo, kwo-kwo-kwo, a hankali, da wata murya mai taushi da ban taɓa sanin yana da ita ba. Ɗaya bayan ɗaya suka fito daga maɓoyarsu suka yi layi a bayansa, ya zagaya tebur da su sau biyu, ya tsaya, suka shige ƙarƙashin bargon suka yi shiru.

Wani daga taga ya ce, "Stamena, ashe kin yi dace, ga miji ga kaza!" Aka kwashe da dariya har da masu share hawaye. Stamena ta ce, "Ku saya, na sallama, har da bargon."

Kaka Persida ta sa aka ɗaga bargo ta ƙirga su da sandarta ɗaya-ɗaya. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya karye. Milisav ya miƙe, kara a ka, kashin tsako a kafaɗa, nan take ƙirji ya dawo wurinsa.

"Kun ji ko? Su duka! A tsakiyar sanyi! Ostoya, je ka cire kayan sallar nan kada su yi datti. Kaka, ina kyautata?"

Kyautar baƙon farko na kan cinyarta, safar ulu da ta saƙa da hannunta da jar tuffa. Ta ce, "Alkawari na cika, ban aika wa Ostoya ba. Amma gaya min, Kum, wa ya fara tsallaka ƙofar nan yau?"

"Ni mana."

"Yagoda?"

Wallahi na so in yi ƙarya, don tausayinsa ya kama ni. Amma ranar salla ce, kuma tsohuwar ta gani da idonta. Na nuna wanda ya fito daga hula, mai ɗigon baƙi a ka.

"A gidan ubana bijimin sa ake shigowa da shi ya zama baƙon farko," in ji Kaka, "wata shekarar rago. Mai rai dai, wanda ya riga shiga. Kuma na lura, da ƙafar dama ya shigo." Ta ciro jan zare ta ɗaura wa ɗan tsakon a ƙafa, ta zura shi cikin safar ya leƙo da kai, ta ajiye masa tuffa a gaba. "In shekara ta yi kyau, shi zai dawo baɗi."

Milisav ya karkaɗe karan da ke kansa ya durƙusa yana mayar da sauran 'ya'yansa cikin riga.

Shekarar kuwa ta yi kyau, abin haushi. Masara ta yi, saniya ta kawo madara har muna kyauta. Motar kaya dai ba a gan ta ba, don yawancin 'yan tsakin zakaru suka zama, mai jan zaren kuma ya fi su duka girma da rashin kunya. Da Kirsimeti ta zagayo aka ƙwanƙwasa, muka buɗe, sai ga Milisav cikin dusar ƙanƙara ya ci ado, rungume da zakaran nan mai jan zare. Ya ajiye shi a bakin ƙofa. Zakara ya tsaya gyaran fiffike, ya kalli gabas, ya kalli yamma, ba shi da niyyar sauri. Milisav na karkarwar sanyi, sai na ga ƙafarsa ta dama ta fara ɗagawa da kanta.

"Sauke ta, Kum," in ji Kaka Persida daga kusurwar murhu. "Bari manya su shiga tukuna."